Ƙafa uku da rabi: haka za a sake barinmu a baya?



Jiya na hau Keke Napep daga Abatuwa ta Dogon Ƙarfe zuwa Taminus, sai na tambayi yaran da ke ciki ko sun san ma'anar Taminus. Duk suka ce kasuwa ce. To ba kasuwa ba ce, kalmar reluwe ce, wato inda layin dogo ya tuƙe. Kasuwar ta ƙone a 2002, jirgin Fatakwal ya daina zuwa, suna kawai aka bar mana.

Wai shin mu da ake kira baƙi a garin nan, mun san abin da ya kawo da yawa daga cikin kakanninmu? Kuza da jirgi. A 1914 ƙaramin jirgi ya iso Jos daga Zariya, kakana ma a cikinsa ya zo da kayan kolinsa. Faɗin layin, wato tazarar da ke tsakanin ƙarafan biyu, ƙafa 2 da inci 6 ne, alhali babban layin Legas zuwa Kano ƙafa 3 da inci 6 ne. Taragon wannan ba ya hawa wancan, don haka duk buhun kuza sai an sauke shi a Zariya an sake lodi. Da babban layi ya iso ta Kafanchan a 1927, sai ƙaramin ya fara shiga uku, a 1957 aka rufe shi. Mai son ganin kan jirgin sai ya je gidan tarihi na Jos.

Yanzu ku dubi abin da ake yi. Abuja zuwa Kaduna a 2016, Legas zuwa Ibadan a 2021, duk a kan sabon faɗi, ƙafa 4 da inci 8 da rabi. Namu kuwa, na Fatakwal zuwa Maiduguri, wanda ya ratsa ta Kuru, da aka ƙaddamar da gyaransa a 2021 sai aka ce a bar shi a tsohon faɗinsa. Ashe ba abin da ya kashe layin Zariya ba ne ake sake ɗinka mana? Ko an gama gyaran, taragonmu ba zai hau layinsu ba.

Ni ba injiniya ba ne, sakandare na tsaya. Amma ina zama a shagon Baba, ina ganin abin da tirela ke ci a kan kowane buhun dankali kafin ya kai Kudu, ga kuɗin shinge, ga na ruɓewa idan mota ta kwana a hanya.

Manyanmu kuma, Allah Ya ba su haƙuri, in an zauna taro ba a wuce zancen takardar ɗan ƙasa da kujerar ƙaramar hukuma. Ban ce ba su da muhimmanci ba. Amma wannan kuka ne da Birom mai noman dankali zai taya mu, da Ibo mai sayar da kayan gini. Ban taɓa jin ƙungiyar 'yan kasuwarmu ta rubuta ko takarda ɗaya a kan faɗin layi ba. Wanda ya san an rubuta, don Allah ya nuna min.