Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga Shugaban Hukumar Gidaje Ta Tarayya: A Gyara Festac Da Mutanenta A Ciki

Ranka ya daɗe,

Na rubuto ne a kan unguwar Festac da ke Amuwo-Odofin a Legas, wadda amanarta ke hannun hukumarku. An gina ta ne domin saukar baƙin bikin al'adun baƙar fata na duniya na 1977, gidaje kusan 5,000, bayan biki kuma aka raba su ga 'yan ƙasa ta hanyar ƙuri'a. Yau shekara kusan hamsin ke nan. Tituna sun farfashe, magudanan ruwa sun toshe, damina na mayar da wasu layuka tamkar tafki. Babu mai musun cewa unguwar na bukatar gyara. Roƙona shi ne a yi gyaran mazaunanta na ciki, musamman 'yan haya, domin su ne ke fara salwanta duk lokacin da aka tashi sabunta unguwa.

Mai gida yana da takardar mallaka, ko an rushe zai nemi diyya, ko an gyara darajar gidansa ce ta ƙaru. Ɗan haya kuwa rasit ne kaɗai a hannunsa. Ranar da aka sanar da aikin gyara, ranar mai gida ke fara lissafin ƙarin kuɗin haya, kafin a zuba kwalta an ba wasu takardar tashi. Legas ta san wannan ciwo. A watan Yulin 1990 gwamnatin soja ta Raji Rasaki ta rushe unguwar Maroko bayan wa'adin kwana bakwai, mutum kusan 300,000 suka rasa matsuguni, filin kuma ya koma unguwar masu hali. Ko a ƙasar da ake bin doka sau da ƙafa an yi irin haka cikin lallami. A kudancin Landan an rushe rukunin gidajen Heygate, gidaje kusan 1,200 na marasa ƙarfi, tsakanin 2011 da 2014. Aka gina sababbi fiye da ninkin na da, amma waɗanda ake bayarwa a kan haya mai rangwame irin ta da ba su kai ɗari ba. Unguwa ta yi kyau, masu ita kuwa sun watsu.

Za a ce maka tsohon gini ya fi sauƙin rushewa a kan gyarawa. Birnin Bordeaux na Faransa ya ba da amsa. A unguwar Grand Parc, masu zanen gini Anne Lacaton da Jean-Philippe Vassal da abokan aikinsu sun sabunta gidaje 530 a manyan benaye uku na shekarun 1960. Sun ƙara wa kowane gida faffaɗar baranda da manyan tagogi, mutane na zaune a ɗakunansu har aka gama, ba a ƙara musu kuɗin haya ba, kuɗin aikin kuma bai kai na rushewa da sake gini ba. Vassal ya yi shekaru yana aiki a Nijar a farkon shekarun 1980, a Yamai shi da Lacaton suka yi gininsu na farko, kuma sun sha faɗin cewa a can suka koyi amfani da abin da ke hannu. Ginin da injiniyoyi suka tabbatar zai faɗi dole a sauke shi, amma akasarin ciwon Festac a ƙasa yake, a kwalbati da bututu da hanya, kuma gyaran waɗannan ba ya bukatar a kori kowa.

Za a kuma ce gwamnati ba ta da kuɗi, sai an jawo 'yan kasuwa, su kuwa riba suke nema. Gaskiya ne, neman riba kuma ba laifi ba ne, sharaɗin da aka gindaya musu shi ne abin dubawa. Wasu za su ce haya yarjejeniya ce tsakanin mai gida da ɗan haya, babu ruwan hukuma. Sai dai idan da dukiyar jama'a aka ɗaga darajar unguwa, hukuma na da haƙƙin hana wannan daraja ta zama sandar korar jama'ar.

Saboda haka ina roƙon a ƙidaya duk mazauna, har da 'yan haya da masu shaguna, kafin a sanar da kowane aiki. A yi gyaran layi bayan layi. Wanda tilas ya tashi a ba shi masauki cikin unguwar, tare da takardar da ta tabbatar masa da dawowa. Mai gidan da ya amfana da gyaran ya sa hannu cewa ba zai ƙara haya fiye da kima ba na wasu shekaru. Duk inda za a rushe kuwa a tambayi mazauna ta hanyar ƙuri'a, kamar yadda magajin garin Landan ya sharɗanta tun 2018 ga manyan ayyukan da ke neman kuɗinsa. Da ƙuri'a aka shiga Festac, Ranka ya daɗe, ya dace kuma a ji bakin mutanenta kafin a taɓa gidajensu.

Allah Ya taya ka riƙo, Ya ba ka ikon yin adalci.

Wassalam.