Nunan Rana a Fagen Ƙanƙara

A kowane watan Yuni ƙungiyoyi 32 na gasar NHL, babbar gasar hoki ta ƙanƙara a Amurka da Kanada, sukan taru su raba matasan 'yan wasa a tsakaninsu cikin zagaye bakwai. Yawancin waɗanda ake kira sunansu a zagayen farko shekarunsu 18 ne. Tun yaro bai cire sabuwar rigar da aka sanya masa a kan dandamali ba ake fara tambayar yaushe zai sa hannu a kwantiragi, kuma galibin masu tambayar amsa ɗaya suke jira, wato yanzu. Wannan gaggawa ta ɓata matasa da dama, kuma abin takaici shi ne duk shekara sai an maimaita ta kamar ba a taɓa ganin sakamakonta ba.

Hanyoyin da ke gaban irin wannan yaro sanannu ne. Zai iya shiga NHL kai tsaye, ko ya koma gasar matasa ta Kanada, ko ya zauna a jami'a a Amurka, ko ya ci gaba da buga wa ƙungiyarsa a Turai idan daga can ya fito. Dokar gasar ma ta yarda cewa yaro ɗan shekara 18 ko 19 bai gama nuna ba, shi ya sa ta ba ƙungiya damar gwada shi a wasa tara ta mayar da shi ba tare da shekarar farko ta kwantiraginsa ta ƙone ba. Bambancin da ke tsakanin waɗannan hanyoyi yana cikin yadda mako ke tafiya. A NHL ana buga wasa sama da 80 a kaka ɗaya, yau a wannan birni gobe a wancan, kuma lokacin atisaye kaɗan ne. A jami'a wasannin kusan rabin haka ne, galibi Juma'a da Asabar ake bugawa, sauran kwanakin na gina jiki ne da gyaran kuskure. Yaron da ƙashinsa bai gama ƙwari ba ya fi buƙatar waɗannan kwanaki.

Labarin Cale Makar ya isa hujja. A 2017 ƙungiyar Colorado ta zaɓe shi a matsayi na huɗu, yana mai tsaron baya daga wata ƙaramar gasar matasa a lardin Alberta. Ya tafi Jami'ar Massachusetts da ke Amherst, wadda ƙungiyarta ta ci wasa biyar kacal a kakar da ta gabaci zuwansa. A shekararsa ta farko ya samu maki 21 a wasa 34, sakamako mai kyau amma wanda bai girgiza kowa ba. An gayyace shi ya buga wa Kanada a gasar Olamfik ta 2018, ya ƙi. Da kaka ta ƙare, ƙofar Colorado a buɗe take da kuɗinta, ya sake komawa makaranta. Yaron ya duba kansa ne ya ga abin da bai gama koya ba, ya zaɓi wurin da za a bar shi a fili tsawon wasa, ya yi kuskure ya gyara ba tare da an jefa shi benci ba.

A shekara ta biyu ya samu maki 49 a wasa 41, ya lashe lambar Hobey Baker ta gwarzon ɗan wasan jami'o'i, ya kai makarantar da ta saba zama a ƙasan teburi har wasan ƙarshe na ƙasa, inda Minnesota Duluth ta doke su ranar 13 ga Afrilu 2019. Bayan kwana biyu ya sanya rigar Colorado a wasannin ƙarshe na NHL da Calgary, ƙungiyar garin da aka haife shi, ya kuma ci ƙwallo a wannan daren. Daga nan lambobin suka riƙa zuwa a jere: gwarzon sabon ɗan wasa a 2020, kwantiragin shekara shida na dala miliyan 54 a 2021, sannan a 2022 Kofin Stanley na zakarun NHL da lambar gwarzon mai tsaron baya da ta gwarzon wasannin ƙarshe, duk a kaka ɗaya. Shekarar da ake cewa ya yi asararta ita ce ta sa ya shigo NHL a matsayin cikakken ɗan wasa wanda babu mai horarwar da zai iya ajiye shi.

A wannan zaɓe na 2017, Buffalo ta ɗauki Casey Mittelstadt a matsayi na takwas. Ya yi shekara ɗaya a Jami'ar Minnesota, ya haskaka a gasar matasa ta duniya ta 2018 har aka ba shi lambar gwarzonta, sai ƙungiyar ta sa masa hannu a watan Maris na shekarar. Buffalo ta daɗe ba ta ga wasannin ƙarshe ba, tana neman abin da za ta nuna wa magoya bayanta, sai ta ɗora wa yaron nauyin da ya fi ƙarfinsa. Ya samu maki 25 a wasa 77, kuma a Disamba 2019 aka tura shi ƙaramar ƙungiyarsu da ke Rochester domin ya koyi abin da ya kamata ya koya tun farko. Daga baya ya zama ɗan wasa mai amfani, amma shekaru ya ɗauka yana gyara ɓarnar. Sauri ya haifi nawa.

A nan ne ya kamata a faɗi gaskiya game da masu ƙungiyoyin. Tsarin zaɓen ya ba ƙungiyar da ta fi lalacewa damar ɗaukar yaron da ya fi hazaƙa, don haka mafi kyawun matasa sukan faɗa hannun mafi raunin shugabanci. Manajan da kujerarsa ke rawa ba ya tunanin yadda yaro zai kasance yana da shekara 25. Tunaninsa yana kan tikitin watan Oktoba da riguna masu sabon suna a baya. Wannan tsohuwar cuta ce. A 1993 Ottawa ta ɗauki Alexandre Daigle a matsayi na ɗaya, ta ba shi kwantiragin shekara biyar na sama da dala miliyan 12, ta mayar da shi fuskar ƙungiyar da ba ta da kowa, kuma har yau sunansa ake kawowa idan ana misalin wanda ya gaza. Edmonton ta yi irin wannan da Jesse Puljujärvi bayan 2016, tana kai shi sama tana dawo da shi ƙasa, har ya tattara ya koma Finland a 2019. Laifin yakan ƙare a wuyan yaron, waɗanda suka tsinke shi ɗanye kuwa su samu aiki a wata ƙungiya. Wannan zalunci ne.

Akwai kuma dokar da ta daɗe tana ƙara dagula lamarin, wato yarjejeniyar da ta hana a tura yaron gasar matasa ta Kanada zuwa gasar AHL, ta ƙananan ƙungiyoyin da ke ƙarƙashin na NHL, kafin ya kai shekara 20. Ko NHL ko komawa cikin yara, babu tsakiya. Shane Wright ya ɗanɗana wannan bayan Seattle ta zaɓe shi na huɗu a 2022. Wasa takwas ya buga mata, ya shafe makonni yana kallo daga sama cikin kwat, aka ara shi na ɗan lokaci ga ƙaramar ƙungiya, aka tura shi gasar matasa ta duniya, daga ƙarshe ya ƙare a Windsor, a gasar matasa ta Kanada. Babu wanda zai kira wannan yawo tarbiyya. Sauyin da hukumar wasannin jami'o'in Amurka ta yi a Nuwamba 2024, wanda ya buɗe ƙofar jami'a ga 'yan gasar matasa ta Kanada daga 2025, ya rage wannan ƙunci, kuma matashi Gavin McKenna ya bi ta nan daga ƙungiyar Medicine Hat zuwa Jami'ar Penn State. Yanzu yaron da ya fi ƙarfin sa'o'insa yana da matakin da zai taka kafin ya haɗu da magidanta masu shekara 30.

Masu adawa sukan ce rauni zai iya kama yaro kafin ya karɓi ko kwabo, kuma wannan haɗari ne na gaske, ko da yake albashin sabon ɗan wasa yana da iyakar da doka ta yanke, babban kuɗin kuma yana cikin kwantiragi na biyu, wanda ake biya gwargwadon abin da mutum ya zama. Sukan kuma kawo Sidney Crosby, wanda ya samu maki 102 a kakarsa ta farko, da Connor McDavid. Irin waɗannan ba sa zuwa kowace shekara, kuma auna kowane yaro da su shi ne tushen matsalar. Ko Auston Matthews, wanda ya ci ƙwallo huɗu a wasansa na farko a 2016, ya yi kaka guda yana karawa da manya a Zurich kafin a zaɓe shi. Jonathan Toews ya koma Jami'ar North Dakota bayan zaɓen 2006, ya zo ya ɗaga Kofin Stanley sau uku a matsayin kyaftin ɗin Chicago. Owen Power, wanda Buffalo ta zaɓa na ɗaya a 2021, ya koma Jami'ar Michigan, kuma Buffalo ba ta rushe saboda haka ba.

Ma'aunin da ya dace bai wuce abu biyu ba. Na farko, ko yaro ya mamaye matakin da yake kai har babu sauran abin da zai koya a can. Na biyu, ko ƙungiyar da ke kiransa za ta ba shi mintoci na gaske a fili, a irin gurbin da aka zaɓe shi dominsa. Idan duka biyun sun tabbata, ya tafi. Idan ɗaya ya rasa, lambar da aka kira shi a ranar zaɓe ba ta cike giɓin, kuma ƙarin shekara a jami'a ko a Turai ya fi masa zaman benci a babban birni. Mai tsaron baya da mai tsaron raga sun fi kowa buƙatar wannan haƙuri, domin aikinsu karanta wasa ne, kuma karanta wasa sai da yawan bugawa. Iyaye da wakilan 'yan wasa su ne ke da ikon cewa a dakata, kuma a kansu alhakin yake idan ƙungiya ta zo da takarda da alƙalami tun yaro bai shirya ba.