NAZARI: Fasahar nano da ciwon daji: ina alƙawarin ya kwana?

Babbar illar maganin ciwon daji da ake ɗurawa ta jijiya ita ce ba ya bambance tsokar lafiya da mai cuta. Doxorubicin yana kashe ƙwayoyin sankara, amma idan ya taru a jiki yana raunana zuciya. Dalili ke nan masana suka shiga naɗe magani cikin ƙunshin da faɗinsa bai wuce nanomita 100 ba, wato kashi ɗaya cikin 10,000 na milimita.

Dabarar ta dogara ne kan abin da Matsumura da Maeda suka bayyana a Japan a 1986: jijiyoyin jinin da ke ciyar da ƙari suna da ƙofofi, don haka ƙananan ƙunsa kan zurara ciki su maƙale. A 1995 hukumar FDA ta Amurka ta amince da Doxil, doxorubicin a cikin kumfar kitse, wanda ya rage cutar da zuciya. Abraxane ya biyo baya a 2005 don sankarar mama. Vyxeos, na 2017, ya ɗaga matsakaicin tsawon rayuwar masu wani nau'in sankarar jini daga kusan wata 6 zuwa wata 9 da rabi.

Sai dai a 2016 ayarin Warren Chan na Jami'ar Toronto ya bi diddigin gwaje-gwajen shekara goma a kan dabbobi, ya gano cewa kashi 0.7 cikin ɗari kacal na ƙunsan ke isa ƙarin. Hanta da saifa ke tsotse mafi yawa. Ke nan ribar da aka fi samu zuwa yanzu ita ce sauƙin illa, warkewa kuwa da saura.

Sai batun wanda zai samu. Da masana'antar da ke haɗa Doxil a jihar Ohio ta samu tangarɗa a 2011, maganin ya yi ƙaranci har Amurka ta shigo da Lipodox daga Indiya. Kuma cutar farko da aka amince a yi wa Doxil ita ce sankarar Kaposi, wadda ta fi addabar Afirka kudu da Sahara, inda akasarin majinyata ke biyan kuɗin magani daga aljihunsu.

Tambayar da ke gaban gwamnatocin nahiyar ita ce ko inshorar lafiya da sayen magani a dunƙule za su sauko da farashin kafin cutar ta ci ƙarfin masu jira.