Ba Hausa Ce Ta Haifi “Emphasise On” Ba: Raddi Ga Mai Cin Tarar Yara

A wani taron malaman sakandare da na halarta kwanan baya, wani dattijon malamin Turanci ya tashi ya ce ya gano cutar da ke kayar da yaranmu a jarrabawar WAEC. Wai Hausa ce. A cewarsa, duk yaron da ya rubuta “emphasise on” ko “request for” ko “comprise of” ko “discuss about”, Hausa ce ta raɗa masa a kunne. Wai Hausa ba ta da harafi irin su “on” da “at” da “to”, shi ya sa Bahaushe ke tuntuɓe da su. Wai haruffan Turanci kuwa bisa hankali suke tafiya. Magani kuma shi ne a ci tarar duk yaron da aka ji yana Hausa a harabar makaranta. Aka tafa masa. Na ɗauki alkawarin yi masa adalci, to ga shi, iyakar inda haƙurina ya kai.

Mu fara da ginshiƙin maganar, don idan ya faɗi ɗakin ya rushe. Allah ya gafarta Malam, misalan da ka kawo da bakinka su ne shaidun da suka ƙaryata ka. Bahaushe cewa yake “ya jaddada maganar”, “ya nemi kuɗi”, “littafin ya ƙunshi babi goma”. Ina harafi tsakanin aikatau da karɓau a nan? Babu ko ɗaya. Da yaron Hausa yake juyawa kalma bayan kalma, da “he emphasised the point” zai rubuta, da “he requested money”, da “the book comprises ten chapters”, kuma duk ukun Turanci ne tsantsa wanda ba mai jan biro a kansa. Wato a nan Hausa hanya ta nuna masa, shi ya ƙi bi.

To ina ya samo “on” da “for” da “of”? A cikin gidan Turancin ya tsinto su. Suna yana ɗaukar harafi, aikatau ɗan’uwansa ba ya ɗauka: “emphasis on” daidai ne, “a request for” daidai ne, “a discussion about” daidai ne. Yaro ya ji “consist of” sai ya auna “comprise” da shi, ya ji “talk about” sai ya ba “discuss” rabonsa. Ƙiyasi ya yi, irin wanda ƙaramin yaro ke yi idan ya ji “gida, gidaje” ya ce “mota, motaje”. Shi ya sa za ka iske “discuss about” a bakin Bayarabe da ɗan Indiya da ɗan Japan, mutanen da Hausa ba harshensu ba ce. Ko su ma Hausa ce ta bi su har gida?

Ra’ayin Malam tsohon yayi ne. Robert Lado ne ya yayata shi a 1957, cewa bambancin harshen uwa da harshen da ake koyo shi ke hasashen kuskure. Ba a yi nisa ba Pit Corder a 1967 ya nuna kuskuren ɗalibi alama ce ta dokar da yake ginawa a kansa, sannan Jack Richards a 1971 ya jero kurakuran da masu harsuna daban-daban ke tarayya a kansu, waɗanda tushensu Turancin ne kansa. Fiye da shekara hamsin ke nan, labari bai iso ɗakin malamai ba!

Ban ce Hausa ba ta da hannu ko kaɗan ba. “Wait me” daga “jira ni” yake, “listen radio” kuma daga “saurari rediyo”. Amma ɗan Faransa ma haka yake zamewa, don a harshensa jira da sauraro ba sa ɗaukar harafi. Ba a taɓa jin an ci tarar yaro a Paris don ya yi Faransanci ba.

Na biyu, wai Hausa ba ta da harafi. Wannan kam abin dariya ne. Ina aka kai “a” da “da” da “daga” da “ga” da “zuwa” da “ta”? Ina “cikin” da “kan” da “bayan” da “gaban”, waɗanda muka ciro daga sassan jiki? Muna da aikatau masu manne da harafinsu kamar yadda “depend” ke manne da “on”: tuna da, rabu da, kula da, yarda da. Abin da Bature ke yi da guntayen kalmomi kuwa, sau da yawa mu da ƙarshen aikatau muke yi. Shi ya ce “go out, come out, take out”, mu mu ce fita, fito, fitar. Tun 1960 F. W. Parsons ya tsara wannan zuwa giredi bakwai, nahawun Paul Newman na 2000 kuma ya yi masa bayani dalla-dalla. Malam ya buɗe ko ɗaya.

Na uku, hankali. Wane hankali ne ya ce “on the bus” amma “in the car”? Ɗan Ingila ya ce “at the weekend”, ɗan Amurka ya ce “on the weekend”. Wane ne mahaukacin a cikinsu? “Look after him” amma “pick him up”, a na farko wakilin suna a ƙarshe, a na biyu a tsakiya. Samuel Johnson da kansa, a gabatarwar ƙamusunsa na 1755, ya amsa cewa haɗa aikatau da waɗannan ƙananan kalmomi shi ne ya fi wahalar da baƙon harshe. Almajirin zaure ya san wannan sirri: “raghiba fi” so ne, “raghiba an” ƙi ne, kuma tare da harafinsa ake haddace fi’ili, ba a raba su.

Na huɗu, tara. Gwajin shekara shida da Farfesa Babs Fafunwa ya jagoranta a Ife daga 1970 ya koyar da yara da Yarbanci, Turancinsu kuma bai gaza na takwarorinsu ba. Na yi makarantar da monita ke yawo da takarda yana rubuta sunayenmu. Shiru muka koya, ba “congratulate on” ba. A tara kuɗin tarar a sayi ƙamus, a koyar da “depend on” a matsayin kalma ɗaya cikin jimla, shi ke nan.

Sauran maganganunsa ba su kai a ɓata tawada ba. Abu ɗaya dai na rubuta a bayan takardar taron. Malam ya yi mana alfaharin cewa a makarantar kwanan da ya yi, bulala ake yi wa mai Hausa, kuma da Turanci yake mafarki. Da ya zo rufe jawabi sai ya ɗaga yatsa ya ce: “Let me emphasise on this point.” Wa za mu ci tara?