Waiwaye: Alhazan Ƙafa da Gajiyar Hanyar Gabas

Kafin jirgin sama ya fara kwasar maniyyata daga Kano, mai niyyar Makka sallamar mutuwa yake yi da gida. Ya bi dangi ɗaya bayan ɗaya yana neman gafara, ya biya bashin da ake bin sa, wani ma ya ba matarsa zaɓi: ko ta ɗaure kaya su tafi tare, ko ya sawwaƙe mata. Ba mai tambayar ranar dawowa. Abin da ake ce masa kawai, "Allah ya kai ka, Allah ya sa da rabon a gana."

Hanyar kuwa sananniya ce. Daga Kano a miƙa Borno, a bi ta Dikwa a ƙetare kogi zuwa Fort Lamy, wato Njamena ta yanzu, a nausa Abeshe, a shiga Darfur ta Janaina, a wuce Fashir zuwa Ubayyid. Wajen shekarar 1912 layin dogo ya iso Ubayyid, mai kuɗin tikiti ya samu sauƙi daga nan. Marar shi ya ci gaba da takawa har bakin Bahar Maliya, inda zai nemi jirgin ruwa daga Sawakin zuwa Jidda. Fiye da kilomita 3,000 ke nan, da jaki ko takarkari, da mata da goyo, da tsofaffi. Tafiyar shekaru ce, ba ta watanni ba.

Abin da ya fi ɗaukar mini hankali a labarinsu shi ne yadda suke yi idan ƙarfi ya ƙare, domin ƙarewa yake yi. Guzuri ya tafi tun kafin Abeshe, jaki ya mutu, ƙafa ta kumbura, an binne yaro a gefen hanya. A nan mutum ba ya juyawa gida, ba ya kuma kwanciya ya ce shi ke nan. Sai ya ya da zango. Ya nemi unguwar Hausawa, ya kama wanzanci ko dukanci ko ga-ruwa, malami ya buɗe makarantar allo, matarsa ta soya ƙosai. Su yi damina ɗaya ko biyu, su tara ɗan abin da ya samu, jiki ya dawo, sannan su sake ɗaura kaya. Bayan an gama madatsar ruwa ta Sannar da ke Sudan a 1925, gonakin audugar Jazira sun zama babban zangon irin waɗannan mutane; da yawa daga hannayen da suka tsinci audugar nan hannayen maniyyata ne.

Me ya hana zuciyarsu karyewa? Malamansu sun karantar da su cewa wanda ya fito da niyya ta gaskiya, ajali ya riske shi a hanya, ladansa yana wajen Allah. Wannan karatu ya sauke musu rabin kayan. Aikinsu tafiyar yau. Isa ba a hannunsu take ba, saboda haka ba su ɗora ta a kai ba. Mutumin da ya yarda da wannan yana iya hutawa ba tare da ya ji ya ci amanar kansa ba, wanda ya huta kuwa yana iya tashi. A ganina nan ne mu mutanen yau muke shan wahala biyu. Ga gajiyar aikin, ga kuma gajiyar lissafi: shekarata nawa, wane ya riga ni, yaushe zan isa. Ta biyun ita ke kwantar da mutum, kuma barci ba ya maganinta.

Kada dai a ɗauka tawakkalin nasu na naɗe hannu ne. Wanda ya wuni a duƙe cikin auduga a zafin Jazira don ya tara kuɗin jirgin ruwa ya san Allah ya ce tashi in taimake ka. Kada kuma a shafa wa zancen zuma. An yi fashi a hanyar nan, an yi ha'inci, akwai waɗanda aka yaudara aka sayar da su bayi, akwai matan da aka bari a gida suna jira har tsufa ba aure ba saki. Akwai kuma wanda ya samu gona da rufin asiri ya miƙe ƙafa, in an tambaye shi ya ce "Allah bai yi ba tukuna," alhali shi ne bai yi ba. Kalma ɗaya ce a bakin mai haƙuri da malalaci, aikin gobe da safe ne ke raba su.

Wasu ba ma aikin hajji kaɗai ya fito da su ba. Bayan Turawa sun ci Sakkwato a 1903, Sarkin Musulmi Attahiru ya yi hijira gabas da jama'a mai yawa, aka kashe shi a yaƙin Burmi a shekarar. Ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya ja ragowar, mutanen da suka rasa sarki da ƙasa da dukiya, suka ci gaba da tafiya har gaɓar kogin Shuɗin Nilu kusa da Sannar. Garin da suka kafa yana nan da sunansa, Mai Wurno.

Wani masani ɗan Gana, Bawa Yamba, ya zauna da Hausawan ƙauyukan Sudan, ya fitar da littafi a kansu a 1995. Ya tarar da jikoki da tattaɓa kunne, haifaffun can, waɗanda ba su taɓa ganin Kano ko Makka ba, amma suna ɗaukar kansu matafiya da ke kan hanya. Yaƙin da ya ɓarke a Sudan a watan Afrilun 2023 ya bi ta kan Janaina da Fashir da Jazira da jihar Sannar, ya tashi mutane da yawa daga gidajensu, har da zuriyar alhazan nan. Wasunsu yanzu suna sansanonin gudun hijira, wasu sun fantsama garuruwan da ba su san kowa ba, suna neman sana'ar da za su kama.