Ranka ya daɗe, rage masa hanya

Duk wanda ya tsaya a gaban Sakatariyar Tarayya da ke Abuja bayan an tashi aiki ya san abin da ido ke gani: ƙananan ma'aikata cirko-cirko a bakin titi suna jiran mota, motocin manya kuwa suna wucewa, daga direba sai maigida. Sau da yawa daga ma'aikata ɗaya suka fito, kuma hanyarsu ɗaya.

Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023, kuɗin mota ya zama gagarabadau ga ƙaramin ma'aikaci. An ɗaga mafi ƙarancin albashi zuwa naira 70,000 a 2024, amma mai zuwa kullum daga Mararaba, Kubwa ko Suleja ya san inda kuɗin ke zurarewa. Ga kuma fargabar ɓarayin da ke fakewa da motar haya su yi wa fasinja fashi.

Gyaran albashi ba a hannunka yake ba, ranka ya daɗe, amma kujerar motarka ikonka ce. Wasu na gudun kada sabo ya jawo raini, wasu na kawo hujjar tsaro. Ai ba baƙo ake cewa ka ɗauka ba. Masinjan da ka amince wa da fayil ɗin ofis ya cancanci ka amince masa da kujera.

Gobe kafin ka tayar da mota, ka tambayi na ƙasa da kai ina ya nufa. Alheri danƙo ne, ba ya faɗuwa ƙasa banza.