Sharhi: Cinikin Piya A Chanchaga, Riba Tana Ga Mai Sanin Ranar Nuna

Duk wanda ya ratsa Kasuwar Kure ko Kasuwar Gwari a Minna da faɗuwar damina zai tarar da piya jibge a faranti da baro, kusa da ayaba da lemo, ana sayar da ita ƙwaya-ƙwaya ga masu shafa wa burodi. A ƙasar Meksiko kuwa, wannan ɗan itace shi ake yi wa kirari da koren zinariya, domin ƙasar tana noma fiye da tan miliyan 2 a kowace shekara, kuma kaso mai tsoka na abin da take aikawa Amurka yana ƙarewa ne a cikin wani haɗi da ake kira gwakamoli.

Sunan ya samo asali ne daga harshen mutanen Aztek, ma'anarsa miyar piya, kuma sun san shi tun kafin Turawan Sifen su isa ƙasarsu a 1519. Haɗa shi ba ya bukatar wuta ko mai. Ana tsaga nunannun piya biyu, a cire ƙwallon, a kwashe tsokar da cokali, a dama ta a ƙaramin turmi ba tare da an bari ta yi laushi kamar kunu ba, sannan a zuba rabin albasa yankakkiya, da attarugu ɗaya, da gishiri, a matse lemon tsami a kai. Mai so ya ƙara tumatir. Aikin bai wuce na minti goma ba. Bahaushen da ya saba da kwaɗon zogale da na rama ba zai ga baƙon abu a nan ba, kwaɗon piya ne kawai, kuma yana shiga da soyayyar doyar Gwari fiye da yadda mai karatu zai zata.

To, wannan sauƙi shi ne ya jawo shawarwari iri biyu da ake yawan bai wa matasa da matan aure masu ɗan jari, musamman tun da maganar lafiyayyen abinci ta samu shiga a birane. Ta farko ita ce a dasa piya irin Hass domin fitarwa ƙasashen waje. Ta biyu ita ce a dama kwaɗon a ɗura a kwalba a kai kantuna. Ga mazaunin Ƙaramar Hukumar Chanchaga, dukkansu biyu hanyoyi ne na binne jari.

A fara da dashen. Irin Hass ya ɗauki sunansa daga wani ma'aikacin gidan waya na Kalifoniya, Rudolph Hass, wanda ya yi masa rajista a 1935. Abin da ya sa ya mamaye kasuwar duniya shi ne kaurin ɓawonsa, wanda ke jure doguwar tafiya, da yawan mai a tsokarsa. Amma itace ne na ƙasa mai tudu da sanyi-sanyi. Garin Uruwafan na jihar Michowakan, cibiyar nomansa a Meksiko, yana sama da mita 1,500 daga doron teku, haka ma gonakin tsakiyar Kenya a kan tsaunuka suke. Minna kuwa tana wajen mita 250 zuwa 300 ne, ranin ta yana ɗaukar kusan wata biyar, kuma zafin watan Maris yakan doshi digiri 40. Itacen piya ba ya son ƙishirwa, ba ya kuma son ruwa ya kwanta masa a saiwa. Wanda ya sayi dashe da tsada zai yi shekara uku ko huɗu yana ban ruwa kafin ya san ko ya ci ko ya faɗi. Idan har Nijeriya za ta shiga wannan fage, tsaunukan Jos da Mambila ne ke da hujjar gwadawa.

Ko da itacen ya yi 'ya'ya, ƙofar kasuwar waje ba a buɗe take ba. Amurka ta hana piyar maƙwabciyarta Meksiko shiga tun 1914 saboda tsoron ƙwari, ba ta sassauta ba sai 1997, kuma sai 2007 aka yarda ta shiga dukkan jihohi. Kenya, wadda ta fara aika ɗanyar piya ƙasar Sin a watan Agustan 2022, sai da ta yi wa gonaki da wuraren tattara kaya rajista, ta kuma amince da sharuɗɗan feshi masu tsauri. Wannan aikin gwamnati ne da manyan kamfanoni, ba na mai kadada ɗaya a bayan Tagwai ba.

Batun kwalba ya fi haɗari, don kuwa shi yana iya taɓa lafiyar jama'a. Da zarar an tsaga piya iska ta taɓa ta, wani sinadari da ke cikin tsokar yakan fara mayar da ita ruwan ƙasa. Lemon tsami yana jinkirta hakan na 'yan sa'o'i, haka ma lulluɓe saman kwaɗon da leda yadda iska ba za ta samu shiga ba. Barin ƙwallon a tsakiyar kwano, wanda wasu ke rantsuwa da shi, ba ya kare komai sai wurin da ya rufe. Dafawa kuma ba mafita ba ce, domin zafi yana sa piya ɗaci. Wannan ne ya sa gwakamoli bai zama hajar kanti ta sosai ba sai a ƙarshen shekarun 1990, lokacin da wani kamfani a jihar Tekzas ya fara matse shi a cikin inji da ƙarfin ruwa mai tsananin gaske, wanda ke kashe ƙwayoyin cuta ba tare da wuta ba. Injin na ɗaruruwan dubban daloli ne, kuma bayan an matse ɗin tilas kayan su zauna cikin sanyi daga masana'anta har hannun mai saye. Jihar Neja ce ke da madatsun Kainji da Jebba da Shiroro da Zungeru, amma kowane mai sayar da ƙanƙara a Tunga ya san nawa yake kashewa a kan man janareta. Ƙari a kan haka, abincin da aka rufe a mazubi don sayarwa yana bukatar rajistar hukumar NAFDAC.

Ina ribar take ke nan? Tana cikin wata ɗabi'a ta piya da ba kowane mai saye ya sani ba: ba ta nuna a kan itace. Sai an tsinke ta take fara laushi, kuma tsakanin ranar da ta yi daidai da ranar da ta lalace, a zafin Minna, kwana ɗaya ne ko biyu. Mafi yawan wadda ake ci a birnin daga nesa take zuwa, daga jihohin kudu maso gabas da Filato, wata ta biyo ta kasuwar kayan marmari ta Zuba, ta sha jijjiga a hanyar Suleja cikin buhu ko kwando, wata kan wata. Irin na gida kuma ɓawonsa siriri ne, inda duk ya bugu nan zai yi baƙi a ciki, mai saye ba zai gani ba sai ya je gida ya tsaga. Wanda aka yi wa haka sau biyu ba ya komawa.

Alal misali, a ɗauka mai sari ya ɗauko ƙwaya 100, ya ɗora ribar kashi 30 cikin 100 a kan kuɗin da ya saya. Idan 25 suka ruɓe, abin da zai tara bai kai uwar kuɗinsa ba. Idan ya rage asarar zuwa 10, ya tashi da ribar kashi 17 ba tare da ya ƙara wa kowa sisin kwabo ba. Abin da ke tsakanin lissafin biyu ba inji ba ne. Akwatunan roba ne masu huji maimakon buhu, da rumfa mai inuwa da iska, da rarraba kaya gida uku: na yau, na jibi, da na mako mai zuwa. Mai son gaggauta nunar wani kashi sai ya rufe shi tare da nunanniyar ayaba, wadda ke fitar da iskar da ke sa 'ya'yan itace nuna. Ba a sa ɗanyar piya irin ta gida a firij, sanyi yana ɓata ta. Kabayid na masu walda kuwa, wanda wasu marasa tsoron Allah ke nuna kayan marmari da shi, NAFDAC ta sha gargaɗi a kansa, kuma duk ɗan kasuwar da aka kama da shi ya zubar da sunan da ya fi jarinsa daraja.

Wanda ya iya cewa "ga ta yau" kuma maganarsa ta tabbata, shi ne zai iya tunkarar otal-otal da masu girkin biki da gidajen cin abinci na kusa da sakatariya da Jami'ar Fasaha ta Tarayya. A nan ne kwaɗon piya ke da gurbi a matsayin sana'a: a karɓi oda tun jiya, a dama yau, a ci yau. A wanke ɓawon kafin a sa wuƙa, domin binciken da hukumar abinci ta Amurka ta fitar a 2018 ya gano ƙwayar cutar listeriya a ɓawon fiye da kashi 17 cikin 100 na piyar da aka gwada. Akwai kuma wata dama ta lokaci, wato piya ta fi yawa a daidai watannin da tumatir ke tsada, kuma kwaɗon yana tsayuwa da ƙafarsa ko babu tumatir. Game da talla, a faɗi gaskiya: man da ke cikin piya dangin na zaitun ne, mai kyau ga jiki, amma giram 100 na ɗauke da kalori wajen 160, saboda haka ba maganin ƙiba ba ce, balle na ciwon suga.

Za a iya cewa wannan ƙaramin buri ne, alhali gwamnati na kiran a riƙa sarrafa amfanin gona a gida, kamar yadda aka gani a watan Agustan 2025 sa'ad da aka dakatar da fitar da ɗanyen ƙwallon kaɗanya. Amma kaɗanya a dajin Neja take tsirowa, kuma ƙwallonta yana wata da watanni a buhu bai lalace ba. Piya baƙuwa ce mai kwana uku. Idan Ƙaramar Hukumar Chanchaga na son taimaka wa masu wannan ciniki, rumfar kayan marmari mai inuwa da famfo a kasuwa, da lamunin akwatunan roba ta hannun ƙungiyar 'yan kasuwa, sun isa a fara da su kafin kakar piya mai zuwa.